Ruwan da Ya Ƙi Tsaya wa Kawu Labbo

A bakin Inna na fara jin sunansa, ranar da gishiri ya yi wa miya yawa. Ta ce, "Wagga miya sai Labbo, shi da ya sha teku." Ashe ɗan'uwanta ne na Zurmi, masunci.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a gulbi ya ƙafe da wuri, sai ya kwashi ƙugiyoyinsa ya bi motar shanu har Badagiri, can kudu a bakin teku. Gulbinmu sau ɗaya yake cika a shekara. Ba wanda ya gaya masa teku sau biyu yake cika a yini. In ya kafa turke a bakin ruwa da safe, kafin azahar ruwa ya shanye shi. In ya matsa tudu, sai ya iske ƙugiyoyi a kan yashi, ƙaguwa ta cinye tanar. Wata biyu masuntan can suna yi masa dariya da yaren da ba ya ji.

Ya dawo bai kama komai ba, takaici ya hana shi sake taɓa ƙugiya. Da ya zo gidanmu a Ƙaura ya ga littattafaina, ya ce, "Nazifa ɗiyata, ke da kika yi boko, duba mini, wa ka janye ruwan ga? Sai na sani zan koma su."