Ɗan Siririn Littafin da Anti Jimmai Ta Zaɓa

"Wannan ai na 'yan goye ne, Anti. Ki duba, layi biyu-biyu a shafi."

"Ka bar mata shi, Malam Laouali. Hutun mako biyu ne. In ta gama ta zo ta karɓi wani."

"Ɗiyata tana aji biyu. Wanda take karanta mani a gida kaurinsa ya kai haka." Ya gwada da yatsu. "Ɗan Nicodemus kin ba shi mai kauri. Tawa ce daƙiƙiya?"

"Ban ce ba."

"Ba ki ce ba, amma kin nuna."

Ya ajiye littafin kusa da tiren shinkafa, da ƙarfin da ya sa cokula suka yi ƙara. A gidan Nicodemus ne, can unguwar Summerfield, ranar taron ƙarshen shekara na bara. Mun kai mu talatin a falon, Musulmi da Kirista, kowa da faranti a cinya. Muka ci gaba da cin abincinmu. Wasu ma sun gyaɗa kai. Rahina, 'yar shekara bakwai da ake rigimar a kanta, ta laɓe bayan uwarta tana kallon takalminta.

Anti Jimmai ba ta dubi uban ba. Yarinyar ta duba. Sannan ta mayar da littafin jaka ta ce, "To, Allah ya huci zuciyarka."

Wannan matar nake so in yi wa jinjina, don a ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Shekara ashirin da biyu tana jera littattafai a wani laburare na garin nan. Ba ita ce shugaba ba, ba sunanta a jikin wata ƙofa. Da safe ta hau bas, ta sauka a tasha cikin gari, ta canja wata. Ta ɗauki keken turawa cike da littattafan da mutane suka dawo da su, ta bi layi-layi tana mayar da kowane mazauninsa. Durƙuso da miƙewa, har gwiwoyi suka ce sun gaji. A Zonkwa malamar firamare ce. A nan takardunta ba su kai ta aji ba.

Amma duk watan Nuwamba, lokacin cin abincin rana, za ka same ta a lungu da tulin littattafan yara, irin waɗanda laburare ya daina ba da aronsu, tana zaɓen waɗanda za ta raba wa yaranmu ranar taro. Tana karanta kowane daga bango zuwa bango. Ta san gidan da ake kafa bishiyar Kirsimeti, ta san gidan da ba a kafawa. Nanven ɗan Nicodemus za a ba shi labarin makiyaya da tauraro. 'Ya'yan Alhaji Husaini za a ba su na dusar ƙanƙara da dabbobin da ke barci a rami. Ba a taɓa samun uban da ya buɗe littafin da ta ba ɗansa ya ga abin da ya saɓa wa addininsa ba. Ba wanda ya sa ta. Ba kuma wanda ya taɓa tashi a taro ya gode mata.

Laouali mutumin Maraɗi ne. A wani sito yake aiki wajen titin Wendover, yana tuƙa motar ɗaga kaya, awa goma a tsaye da zaune. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci, Turancinsa na bakin aiki ne. Abin alfaharinsa ɗaya a ƙasar nan: idan ya dawo ya miƙe a kujera, Rahina ta ɗauko babban littafin da ya saya mata, ta yi ta zuba masa Turanci kamar ruwan famfo. Ba gargada, ba tsayawa. Shi kuma ya lumshe ido yana jin daɗi har barci ya ɗauke shi. Takardun da makaranta ke aikowa suna cikin aljihun mota, ya bari sai ya samu sarari.

Ranar da ya fita daga gidan Nicodemus yana ganin ya ƙwatar wa ɗiyarsa mutunci. Bai san cewa a bakin ƙofa Anti Jimmai ta zura littafin cikin jakar Assibi, matarsa ba.

Bayan kwana tara aka yi dusar ƙanƙara, aka rufe sito. Da hantsi yana zaune yana shan shayi sai ya ji wata murya daga ƙarƙashin teburin cin abinci. Murya ce mai tuntuɓe. Kalma ɗaya, shiru, a koma baya, a sake. Ya leƙa. Rahina ce a kwance rub da ciki, yatsanta a kan layi, da ɗan siririn littafin nan mai hoton yarinya da ta ɓatar da safar hannu a cikin ƙanƙara. Ransa ya ɓaci, amma ya koma kujera ya kasa kunne. Ta ɗauki kusan awa. Da ta rufe bangon ƙarshe ta fito da rarrafe, idonta na ƙyalli, ta ce masa da Turanci ta karanta shi duka, ita kaɗai.

"To mene ne abin murna? Babban fa da kike karanta mani kullum?"

Sai ta amsa da Hausa, abin da ba ta cika yi ba.

"Wancan ban iya ba, Baba. Labari nake ba ka don ka yi barci."

Ya ɗauko babban littafin, ya buɗe shafin farko, ya ɗora yatsa kan wata kalma. Ta kalle ta, ta kalle shi. Ya sauke yatsa kan wata. Hawaye ya zubo mata. Shekara guda ke nan yarinya tana kallon hotuna tana ƙirƙiro labari, tana juya shafi daidai lokacin da ya kamata, uba yana kwance ido a rufe. Ya fita cikin sanyi ba riga mai kauri, ya buɗe aljihun mota. Wata maƙwabciya ta karanta masa takardun. Makaranta ta ce idan Rahina ba ta kamo 'yan ajinsu ba kafin ƙarshen shekarar karatu, mai yiwuwa ta maimaita aji.

Anti, ke kin sani tun Nuwamba. Assibi ta kawo Rahina laburare da babban littafin a hammata, kika ce ta karanta miki, ta zuba miki labarin wani rago mai hawa rufin ɗaki. Littafin da hannunki ya mayar kan kanta ya fi sau ɗari, kin san babu rago mai hawa rufin ɗaki a cikinsa. Ke ba baki kike saurara ba, ido kike kallo, kin ga idon yana kan hoto. Ranar taro kalma uku za ki faɗa ki wanke kanki: ba ta iyawa. Sai kika dubi yarinyar da ke kallon takalminta, kika haɗiye. Kika ɗauki kunyar da ba taki ba, kika hau motar wani kika tafi gida. Mai rufin asirin yara, ta Zonkwa. Mu da muka zauna muna cin shinkafa, me za mu ce?

Laouali ya je laburare ranar da aka buɗe hanya. Ya sami Anti Jimmai a durƙushe a layin yara, ya cire hula.

"Anti, ni dai na zo ne in..."

"Yi a hankali, Malam. Nan ko haƙuri za a bayar, da raɗa ake ba da shi."

"Na yi maki rashin kunya gaban jama'a."

"Kama ni in tashi tukuna." Ya kama ta. Ta zaro wani siririn daga keke ta miƙa masa. "Wannan layi uku-uku ne. Sannu ba ta hana zuwa. Amma ka zauna kusa da ita, ido a buɗe."

"Ai Turancin nawa..."

"Ba Turanci na ce ba. Ido na ce."

Rahina ba ta maimaita aji ba. Haƙurin da aka bayar da raɗa kuwa, Laouali ya ce bai biya ba, tunda zagin a bainar jama'a aka yi shi. Shi ya sa ya yarda a rubuta wannan da sunansa.

Anti Jimmai, mun gode. Mun makara, amma mun gode. Allah ya ba gwiwoyinki sauƙi, ya saka miki da abin da ba mu iya ba. Ku kuma iyaye da yayye, kafin ku sayi littafi don kaurinsa, ku zauna ku ji yaro ya karanta shafi ɗaya, ku kalli inda idonsa yake. Ba sai kana da digiri ba. Zama ne kawai.

Asabar da ta wuce aka sake taruwa a gidan Nicodemus. Ta zo da jakarta ta ƙarshe, ta kira yara ɗaya bayan ɗaya. Wata mai zuwa za ta koma wajen 'yarta a wata jiha. Rahina ta karɓi nata, ta buɗe, ta bi layin farko da yatsa, sannan ta ɗago ta dubi manyan da ke zaune da faranti a cinya.

"Baɗi wa zai zaɓa mana?"