Ƙaramin Gilashin Ɗayyabu Mai Hoto

A unguwar Yalwawa ta Dutse, in ka ce Ɗayyabu mai hoto, ko mai shayin bakin titi zai nuna maka shagonsa. Tun yana saurayi yake rataye da kyamara, har furfura ta fito masa. Ya ɗauki amare da maniyyata da 'yan ƙwallo, har bijiman da za a kai kasuwa. Da wayoyi suka cika gari kasuwarsa ta yi sanyi, amma ba wannan ke cin sa ba. Abin da ke cin sa, ba shi da hoton fuskar mahaifiyarsa ko ɗaya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Inna Luba Bafulatana ce ta wani ƙauye a gefen Aujara, shi kuwa ɗan farinta ne, kakarsa ta raine shi. Kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, Inna ta riƙe ta gam. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan na Dutse". In ya durƙusa gaisuwa sai ta ja mayafi, ta amsa wa bango. Ya san ba ƙi ba ne, amma sanin bai taɓa rage masa zafin abin ba.

Yana da wani dogon gilashin kyamara mai jawo nesa kusa, wanda yake ɗaukar ƙwallo da shi. Kowace Sallah sai ya laɓe bayan rumbu ya auna ta, kamar ɓarawon kaji. Ita kuwa kamar tana da ido a ƙeya. Abin da ya tara a shekarun nan bai wuce bayanta ba, da gwiwar hannu, da ƙwaryar nono.

Sai ciwo ya kwantar da ita, ta daina fita tsakar gida. Ana cikin azumi ƙanwarsa Zulfa ta kira shi a waya ta ce, "Yaya, in za ka yi, ka yi bana. Jikin Inna sai addu'a."

Ɗakin Inna ƙarami ne, ga duhu, dogon gilashi ba shi da abin yi a ciki. Ɗayyabu ya tafi wurin Tasi'u mai kayan kyamara a cikin Dutse, ya yi ta ɗaura wannan yana kwance wancan. Daga ƙarshe Tasi'u ya miƙo masa wani ɗan ƙarami.

"Wannan shi ne na cikin ɗaki," in ji shi. "Yana shan haske ko da kaɗan ne, yana buɗewa ya kwashe ɗaki duka, ga shi ba ya tsorata mutane. Amma fa Malam Ɗayyabu, zuƙowarsa kaɗan ce. Shi sai ka matso."

"A ɗaki ai kowa kusa yake," in ji Ɗayyabu.

Aljihunsa ba zai ɗauki biyu ba, don haka suka yi musanya. Ya bar dogon a kan teburin Tasi'u, ko waiwaye bai yi ba.

Ranar Sallah, ana saukowa daga idi ya kama hanya. Ya iske ɗakin Inna babu kowa. Ashe da safe ta ce a fitar da ita bayan gida ta ga shanunta, aka shimfiɗa mata tabarma a gindin ɗorawa. Daga bakin danga ya hango ta can nesa, mayafi ya zame kafaɗa, wani ɗan maraƙi na lasar hannunta, tana dariya. Bai taɓa ganin dariyarta ba. Da dogon gilashin nan ne, da har haƙoranta zai gani.

Ya ɗaga kyamara, ya murɗa gilashin har ƙarshe. Inna ba ta fi ƙwayar wake ba. Ya danna duk da haka, sannan ya fara matsowa a hankali. Maraƙin ya ɗaga kai, ita ma ta ɗaga. Mayafi ya koma inda ya saba.

"Zulfa," ta ce, kanta a ƙasa, "ki dama wa wancan fura, ya sha hanya."

Da aka mayar da ita ɗaki ya bi ta ya durƙusa. Gilashin bai yi ƙarya ba, ya fito da fanteka da jeren kwanoni da zanen mayafinta tsaf, fuskarta kuwa tana wajen bango. Kafin Babbar Sallah Allah ya yi mata rasuwa.

Hoton gindin ɗorawa na nan a shagonsa. Ya sha gwada ƙara girman fuskar a kwamfuta, sai ta tarwatse ta zama dishi-dishi. 'Yan tsirarun da ke shigowa sukan tsaya su yaba, su ce kai, waɗannan shanu sun fito, na wa ne?

"Na Inna ne," yakan ce, ya ci gaba da goge gilashinsa.