Layin da Yaya Ta Ja

Yayata ma'aikaciyar jinya ce, shekara ashirin da bakwai ta yi a sashen masu neman haihuwa na wani babban asibiti. A gida Yaya muke ce mata. A asibiti kuwa har masu shara sun san ta da "Ina Mijinki", don ba ta buɗe wa mace kati sai ta jefa mata wannan tambaya.

Lokacin da aka kai ta sashen, littafin rajista na mata ne zalla: suna, shekaru, yaushe aka yi aure, ɓari nawa. Mace za ta sha gwaji, a ɗebi jini, a yi hoto, a sallame ta da tulin magani, maigida kuwa yana cikin mota yana jin rediyo. Abin ya tsaya wa Yaya a rai. Wata safiya ta ɗauki rula da jan biro, ta ja layi a gefen kowane shafi, ta rubuta "Miji" a samansa. Ba wanda ya sa ta. Daga ranar har wurin ajiye motoci take fita ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Malam, bismilla, shigo a duba ka."

"Ni lafiyata ƙalau."

"To ai sai ka zo mu tabbatar, minti goma ne."

Zagi kam ta sha shi. Babban likitan sashen, wanda a lokacin bai zama Farfesa ba, da kansa ya kira ta ofis ya ce tana ɓata littafin asibiti, tana kuma kunyata mutane. Ta ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe." Ta fito ta ci gaba da abinta.

Bayan shekara shida, likitan yana neman abin da zai yi bincike a kai, sai ya buɗe littattafan nan. A cikin jan layin Yaya ya tarar da gidaje rututu da matsalar take wajen miji, matan suna ta shan magani a banza. Ya rubuta takarda, takarda ta yi farin jini. Masu bincike suka riƙa kafa hujja da ita, ɗalibai suka riƙa samun digiri a kanta, wasu asibitoci suka buga sabon kati mai gurbin miji, suna ce masa tsarin Farfesa. Ni malamar makaranta ce, na karanta takardar da idona. Suna biyar ne a samanta, har da na wani likita da bai cika wata uku a sashen ba. Na Yaya babu, ko a ƙasan shafi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ita ba mai ƙorafi ba ce. Sau ɗaya ta buɗe baki, ranar da ta ajiye aiki. Ta ce wa Farfesa abu ɗaya take so, a san da sunanta a aikin.

Ya ce, "Sista, bar min wannan. Ranar da za a karrama ni, a gaban kowa zan faɗa."

Shekara takwas ta riƙe maganar nan. Da muka ji a rediyo za a yi taron karrama shi, katin gayyata bai zo ba, ta ce ai kati yakan ɓata a hanya. Ta ɗinka sabon kaya, na kama mata hannu muka hau matakala da gwiwoyin nan nata masu ciwo. A layin ƙarshe muka sami kujera, kusa da ƙofa.

Awa uku ana yabo. Wannan ya ce sau dubu kaza aka ambaci takardar, wancan ya ce Farfesa ne ya share wa mata hawaye. Ni ina ta tsaki, Yaya tana zungurina. Can Farfesa ya miƙe don yin godiya. Ya kira malamansa, ɗalibansa, matarsa, har direbansa, kowa da cikakken suna. Yaya ta gyara zama, ta damƙe hannuna.

Sai ya yi dariya ya ce, "Akwai kuma wata Sista mai taurin kai da muka yi aiki da ita, ta taimaka wajen rajista. Sunan ya kwanta min. Na ji an ce ta rasu. Allah Ya jiƙanta."

Zauren duka ya amsa da amin.

Na zabura zan miƙe. Ta janyo ni na koma kan kujera.

"Yaya, ki bar ni in gaya musu!"

Idonta na kan Farfesa, ta ce a hankali, "Zauna. Mutuwar ba ta dame ni ba, tana tafe. Amma da ya faɗi sunan, ai da sun san wa suke yi wa addu'a."