Filin Kowa, Sunan Mutum Ɗaya

A unguwarmu ta Tanout akwai wani fili tsakanin gidaje, da aduwa biyu a gefensa. Ba wanda ya saye shi, ba wanda ya gada. Bayan girbi mata a nan suke sussukar gero, ranar jajibirin kasuwa kuma makiyayan arewa a nan suke durƙusar da raƙumansu, mu kwashe taki. Muna ce masa filin Baba, don kawai wani dattijo da gidansa ke kallon wurin shi ke share shi kowace safiya, shi ke raba rigimar mata a kan wurin shanya.

Shekarar da ma'aikacin lampo, wato haraji, ya zo ƙidayar gidaje da filaye, ni aka tura wa, tunda ni ne mushen lakwal, malamin makarantar boko, ni ke jin Faransanci. Saurayi ne mai ladabi, rana ta gama gasa shi. Ya auna filin, ya buɗe takardarsa.

"Mushe, wannan na wane ne?"

"Na kowa ne," na ce.

"Ba ni da gurbin kowa a nan. Ko na mutum ne a sa masa lampo, ko kuwa na meri ne."

Kalmar meri, wato hukumar gari, ita ce ta tsorata mu. Mun ga yadda aka yanka wani fili a wata unguwa aka raba shi gida-gida. Ban tambaye shi ko akwai hanyar da za a rubuta wurin a matsayin filin jama'a a bar shi haka ba. Har yau wannan tambayar da ban yi ba tana cina.

Bayan la'asar dattawa suka zauna a gindin aduwa. A wurinmu abin da jama'a suka haɗa, babba ake damƙa wa, ba a kuma neman shaida a kansa, don neman shaida raini ne. Aka ce a sa sunan Baba, mu riƙa haɗa kuɗin duk shekara. Baba ya ƙi sau biyu.

"Ku dai kun ɗora mini kaya," ya ce. "Ni tsintsiya kaɗai gare ni a wurin nan."

Muka yi dariya. Washegari ni na rubuta sunansa da hannuna.

Shekaru muka yi muna biya. Ni ke bin gidaje, wani ya bayar, wani ya ce sai an sayar da akuya, wani ya ɓuya a ɗaki matarsa ta ce ya tafi Belbeji alhali ga takalmansa a bakin ƙofa. Na gaji da wannan yawo ƙwarai. Kowace takardar biya kuwa da sunan Baba take fitowa, yana adana su a cikin wata tsohuwar jakar fata.

Da ya rasu, aka buɗe jakar wurin rabon gado. 'Ya'yansa da yawa, fari ya cinye dabbobin, gidan bai isa kowa ba. Babban ɗansa ya same ni a zaure, ko ido bai iya haɗawa da ni ba.

"Mushe, na san abin da aka yi. Amma ƙannena sun ce takarda ta ce na Baba ne. In na hana su, me zan ba su?"

Ban zage shi ba, ƙarfin zagin ma babu. Mun je gaban alƙali, dattawan da suka zauna a gindin aduwa duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Aka nuna mini takardar farko, aka ce rubutun wa ke nan. Na ce nawa ne. Alƙali ya ba magada filin. Mun guje wa gara, mun faɗa wa zago.

Wani ɗan kasuwa ya saya, ya sare aduwoyin, ya zagaye wurin da katangar siminti.

Bara matata ta rasu. Da aka fito da ita, sai muka tsaya muna duban juna, don ba inda za a ajiye makara a yi sahu. A lungu muka yi mata salla, mutum huɗu-huɗu, wasu ma ba su ga liman ba. Wani mai amalanken jaki ya tsaya yana jira mu gama ya wuce. Ni ina sahun gaba, kafaɗata tana gogar katangar.