Babin da Tela Bai Auna Ba

A layin da ke bayan tashar mota akwai wani shago mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya, inda wani tela ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana taka keke. Sa'o'insa Tela kawai suke ce masa, kamar babu wani a garin, matasa kuma Baba Tela. Mutum ne siriri mai tsabta, tef ɗin awo ba ya barin wuyansa ko gaisuwar surukai ya je. An san shi da ƙa'ida guda wadda ta kore masa masu ɗinki da dama, ta kuma riƙe masa waɗanda suka fi su: ba ya ɗinki da awon aike. Kowane ne kai, in ka turo yadi da takardar awo, yadinka zai dawo maka a naɗe.

"Kafaɗar da ban ɗora wa tef da hannuna ba, ba na yanka mata yadi," haka yake cewa.

Ya haura sittin lokacin da wani zazzaɓi mai tsanani ya hau masa ka. Da hantsi ya faɗi a gefen keke, rigar wani tana rabin ɗinki. Ya yi makonni a asibiti bai san inda kansa yake ba, sannan ya yi watanni a gida yana koyon abubuwan da jikokinsa suka riga shi iyawa: riƙe kofi, tsallake bakin ƙofa, zura zare a allura. Ranar da zaren ya shiga, ya sa aka kira maƙwabta su gani.

Da ya murmure sai ya ce zai rubuta littafi. Ba a yi masa dariya a gabansa ba, domin wanda ya dawo daga inda ya dawo ana ɗaga masa ƙafa. Da rana yana ɗinki kaɗan-kaɗan, da la'asar kuma babbar 'yarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ta zo da kwamfuta ya riƙa faɗa tana bugawa. Ya ba da labarin ƙuruciyarsa, da maigidan da ya koya masa sana'a, da tarihin kekensa tun daga hannun wanda ya fara sayensa. Ya ba da labarin faɗuwarsa, daga nan sai ya tsallaka zuwa safiyar da ya buɗe ido ya nemi ruwa.

Mai maɗaba'ar da aka kai wa aikin mutum ne mai ladabi, amma ya karanta kafin ya buga, abin da ba kowa ke yi ba a sana'arsu.

"Baba, littafin jinya ne, ko?"

"Shi ne."

"To ina jinyar? A wannan shafin ka faɗi, a na gaba ka tashi. Keke ya samu babi biyu, ciwon bai samu layi uku ba."

"Ai ba na nan lokacin," in ji Tela. "Yaya zan rubuta abin da ban gani ba?"

"Ka tambayi waɗanda suke nan mana. In ba haka ba, Baba, riga ce za ka fitar babu baya."

Wannan ta shige shi, domin da harshensa aka yi masa magana. Ya riga ya shaida wa duk layin cewa littafi na tafe, har mai sayar da maɓallai ya yi alkawarin ajiye shi a kan tebur. Ko dai ya karɓi awon aike a karon farko a rayuwarsa, ko littafin ya mutu a cikin kwamfuta.

Ya fara da ƙanensa, direban motar haya. Ƙanen ya gyara zama ya ce, "Yaya, ba don ni ba da yanzu wani zancen ake yi." A bakinsa, shi ya ɗauko shi, shi ya ratsa cunkoso, shi ya daka wa likita tsawa, kuma da an matsa masa da sai ya ce shi ya rubuta maganin. Mai askin da ke maƙwabtaka da shagon ya rantse cewa shi ya ɗauko shi, direban kuwa sai da aka gama komai ya iso yana tambayar inda zai ajiye mota. Duk wanda Tela ya tambaya sai ya tarar mutumin ya tsaya a tsakiyar labarin ya cika shi, shi kuwa majinyacin yana can gefe kamar buhun da aka jingine.

"Kin gani ko?" ya ce wa 'yarsa. "Mutum ɗaya, awo kala-kala. Wannan ya ba ni hannu dogo, wancan ya ba ni gajere."

"Baba, ai ka bar wadda ta zauna a kujerar gefen gadon tun daga farko har ƙarshe."

Bai manta ba, tsoro yake ji. Tun da aka sallamo shi matarsa ba ta taɓa ɗaga zancen waɗancan makonni ba. In baƙi suka tambaya sai ta ce an gode Allah, ta miƙe ta duba tukunya. Ya lura kuma cewa wani lokaci takan tsura masa ido yana shan shayi, kamar mai son ta tambaye shi wani abu. Ya tabbata akwai abin da ya faɗa a gadon asibiti. Da ya tambaye ta a ƙarshe, tana tsintar shinkafa a faranti, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, ka tabbata kana so?"

"Littafi ne ke so."

"To zan faɗa wa yarinyar nan ta buga. Amma ba za ka gani ba sai a wurin mai bugawa. Kuma almakashinka ba zai taɓa shi ba. Ko duka, ko babu."

Ya amince, domin ba shi da wata kafaɗar da zai auna.

Ranar da aka kira shi duba gwajin bugu, ya zauna a benci tsakanin tarin takardu, injin yana ƙara, warin tawada ya cika ɗakin. Ya wuce babin keke ba tare da ya tsaya ba, abin da bai taɓa yi ba, ya buɗe babin tsakiya.

"Malam bai gane ni ba," haka ta fara. "Ya ɗauka ni nas ce. Yakan ce, 'Baiwar Allah, sannu da ƙoƙari,' ni kuma in ce yauwa. Da ya saba da ni sai ya fara kawo mini ƙarar matarsa. Ya ce tana cika sukari a shayi. Ya ce tana ɗaukar masa almakashin yadi ta yanka leda, ta mayar, tana tsammanin bai sani ba. Ya ce shekara da shekaru tana ninke masa riga ta inda ba a ninkewa, ya yi shiru ne don a zauna lafiya. Likita ma bai tsira ba, an ce masa hannun farar rigarsa ya yi tsawo, wanda ya ɗinka ta ba shi da tsoron Allah. Idan na gyara masa matashi sai ya ture hannuna ya ce, 'Ba haka ba ne. Don Allah a kira mini ita, ita ce ta iya.' Sai in fita baranda in tsaya har idona ya bushe, in dawo in ce an aika, tana hanya. Ya ce, 'Za ta zo. Ba ta da saurin shiri ne kawai.'"

Tela ya daɗe a kan shafin. Mai maɗaba'a ya rage ƙarar injin ya ce, "Baba, a buga?" Ya ce a jira shi.

Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana shanya. Ya tsaya riƙe da takardun, ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Zancen sukarin nan, ai ba sai duniya ta ji ba."

"Ko duka, ko babu, Malam."

"Zafin ciwo ne. Mutum ba ya cikin hankalinsa."

"Ninkin rigar ma zafin ciwo ne?"

Ya duba ƙasa. "Wannan kam, gaskiya, daga kafaɗa ake farawa."

Ta yi dariya har zanen da ke hannunta ya faɗi, shi ma ya yi, sannan dariyar ta ƙare musu su biyun a lokaci ɗaya. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauko zanen, ya kakkaɓe, ya miƙa mata.

"Kin daɗe a barandar?"

"Wani lokaci."

"Ban sani ba."

"Ai na san ba ka sani ba. Shi ya sa nake dawowa."

Bai zauna ba. Ya koma maɗaba'a a ƙafa, a hankali, da sandarsa, ya ce a buga yadda yake, kada a taɓa ko waƙafi. Abu ɗaya ya sa aka ƙara, shi ma a bango: sunanta a ƙarƙashin nasa. Ya yi gardama kaɗan a kan girman harufan, daga baya ya yarda a yi su daidai.

Littafin ya fito siriri, mai bango shuɗi. An karanta shi a layin, an karanta a ɗakin jira na asibiti, inda masu zaman jinya ke miƙa wa juna. Mata da ba su taɓa kawo ɗinki ba suka riƙa tsayawa a ƙofar shagon, su gaishe shi cikin girmamawa, su yi masa barka da samun lafiya, sannan su tambaye shi hanyar gida, wai marubuciyar suke son gani.