Mai Allura a Bakin Gada

Shagon ɗinkin ƙanwata yana unguwar Maitumbi a Minna, a wani layi da 'yan keke ba sa son shiga idan damina ta kankama. Bayan shagon akwai rumfar kwano da benci da kujerun roba. A nan muka daɗe muna wani wasa da har yau ban san sunan da zan kira shi da shi ba.

Mu huɗu ne: ni, ina aiki a sakatariya a lokacin, da ƙanwata, da abokaina biyu tun na sakandare. Ɗaya malamin makaranta ne, ɗan Gbagyi, Kirista, muna ce masa Ticha. Ɗayan likitan dabbobi ne, Bafulatanin da iyayensa suka daɗe da zaman gari, kowa Dakta yake ce masa. Dukkanmu mun tashi da kallon finafinan Cana, irin waɗanda mutum zai taka ganyen gora ya tashi sama, ko tsoho mai farin gemu ya ture runduna da tafin hannu. Ticha ne ya zo da shawarar. Ya ce akwai wasan da ba kallo ake yi ba, shiga labarin ake yi. Mutum ɗaya zai riƙe duniyar, ya riƙa faɗin abin da ake gani da wanda aka tarar a hanya, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya riƙa magana da bakinsa. Idan aka zo kan abin da ba a san ko zai yiwu ba, sai a jefa ƙwayar lido, abin da ta nuna shi ke nan.

Dariya na yi masa. Na ce magidanta da gemunmu za mu zauna tatsuniya da rana tsaka? Amma Lahadin da ta zagayo na zo, da niyyar in yi musu tsiya, sai ga ni ina gardama a kan ko jarumina zai iya tsallake katanga da buhu a kai.

Mukan fara bayan Ticha ya dawo daga coci mu kuma mun yi azahar. Idan aka kira la'asar muka tashi, shi sai ya zauna yana cinye mana soyayyar doya yana ƙulla abin da zai same mu a gaba. Ƙasar da ya gina mana ta duwatsu ce masu tsini, da dazuzzukan gora, da gidajen shayi a bakin hanya inda da wuya a gama shan kofi ba a zare takobi ba. Akwai gidajen horo masu gaba da juna, kowanne da salon faɗansa da sirrin numfashinsa. Ɗaya daga cikinsu, Gidan Baƙar Kunama, ya zuba guba a babban kogi, mu kuma muna bin kogin zuwa mafarinsa.

Ƙanwata ta ɗauki budurwa mai takobi biyu da aka kora daga gidan horo saboda taurin kai. Ticha, da Hausarsa ta Minna, ba ya raba namiji da mace. Sai ya ce, "Budurwan ya zare takobi." Ita kuma ba ta taɓa barin ta wuce ba: "Ta zare, Ticha. Ta." Ni na ɗauki mai kwale-kwale da ke faɗa da sandar tuƙi. Dakta kuwa ya ƙi makami. Ya ce mai magani yake so, mai yawo da allurai a hannun riga, ya soka wa ƙato guda a wuya ya sandare, ya soka wa mai suma guda a ƙirji numfashi ya dawo. Muka sa masa Mai Allura.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne bakinsa. Dakta mutum ne da za ka yi tafiya da shi daga Minna har Zungeru bai wuce gaisuwa da "to" ba. Amma da ya shiga rigar Mai Allura sai ya koma wani. Yakan sake murya irin ta tsoho mai mura, ya cika baki, ya tsokani manyan mayaƙa, ya yi wa fatalwa nasiha a kan cin abinci da wuri. Akwai ranar da ƙanwata ta yi dariya har ta ƙware da furar da ya kawo mana daga ruga.

Wasan ƙarshe da muka yi da shi a farkon damina ne. Mun iso wata gadar igiya a kan kwazazzabo, 'yan Baƙar Kunama suna biye da mu, hazo ya rufe ɗaya gefen. Sai aka kira Dakta a waya, wata saniya ta kasa haihuwa a Chanchaga. Ya miƙe yana neman makullin babur.

Ticha ya ce, "To Mai Allura fa? Ya haye ko ya tsaya?"

Ya ce da muryar tsohon, "Ku haye, yara. Ni zan tare bakin gada. Ku bar mini fitila da ragowar shayi." Sannan da muryarsa ta kullum, yana ɗaura hular kwano, ya ce, "Kada ka kashe mini shi, Ticha. Ina zuwa Lahadi."

Cikin makon ya tafi wajen Kagara yi wa shanu rigakafi. Hanyar ta riga ta lalace da 'yan bindiga, ya san haka, amma ya ce makiyayan sun san shi. An tsinci babur ɗinsa a gefen wata gona, akwatin sanyi na magani yana ɗaure a baya, ko buɗe shi ba a yi ba. Danginsa suka zauna jiran kiran waya na neman kuɗin fansa, domin haka aka saba. Wayar mahaifinsa ba ta rabu da hannunsa ba har a masallaci. Ba wanda ya kira. Aka yi cigiya a rugage, aka yi addu'a a masallaci, Ticha ya sa aka yi a cocinsu. Damina ta wuce, aka haƙe doya, shiru.

Ƙanwata ce ta neme mu. Ta ce, "Yaya, Lahadi tana yi mini tsawo. Ku zo ko zama ne mu yi."

Muka zo. Kujerar Dakta tana inda take, ba wanda ya ɗauke, ba wanda ya zauna a kai. Sai Ticha ya fito da ƙwaya daga aljihu ya ajiye a benci. Ya ce mun haye gada, mun waiga, hazo ya rufe komai. Ba wanda ya tambaye shi abin da ke bayan hazon. Muka ci gaba da bin kogi.

A zama na gaba muka isa wani ƙauye. Ticha yana ba mu labarin wani manomi da san huɗarsa ya sha ruwan guba, an fid da rai da shi, amma ga shi tsaye yana cin ciyawa. Ƙanwata ta tambaya, da bakin budurwarta, wa ya yi masa magani. Ticha ya ce, da bakin manomin, "Wani baƙo ne mai shegen surutu ya wuce jiya. Ga allurarsa ma ya manta a bayan kunnen san."

Sai na ga gashin hannun Ticha ya miƙe. Ya dube mu ya ce, "Allah ya sani ban shirya wannan ba. Bakina ne kawai ya faɗa."

Ƙanwata ta tashi ta shiga shago. Muka ji ta kunna keken ɗinki tana takawa, na kuma san babu yadi a ƙarƙashin allurar.

Da mun tsaya a nan da ya fi. Amma muka dawo, kuma daga ranar duk garin da muka shiga sai an ce ya wuce. Mai gidan shayi ya ce ya kwana a nan ya cika su da labari. Masu gadin ƙofa suka ce wani tsoho ya sandarar da su ya fita yana dariya. Wani lokaci mu ne muke janyo maganar, wani lokaci Ticha. Kullum jiya ya wuce, ko ɗazu da safe. Muka fara sauri. Budurwar ƙanwata, wadda ba ta taɓa ƙyale mai harara ba, ta koma yafe wa abokan gaba don kada faɗa ya ɓata mana lokaci. Ni na sayar da kwale-kwalena na nemi doki. Muka manta da gubar kogi gaba ɗaya.

Abin bai tsaya a rumfa ba. Na koma waiwayen duk babur mai akwati a baya. Wata rana a Tunga na sauka daga keke na bi wani mutum har cikin layi saboda yadda yake ɗan karkata kafaɗa. Da ya juyo na ba shi haƙuri. Idan kuma ina zaune a ofis, sai in ji muryar tsohon nan mai mura a kunnena, tana yi mini tsiya a kan shayin da na bari ya huce.

Wata Lahadi muna tsakiyar wasa sai ga matar Dakta. Maman 'yan biyu muke ce mata. Ta kawo ɗinkin kayan makarantar yara, ta ji muryoyi a baya ta leƙo. Ta rame, amma ba kayan takaba a jikinta, domin ba wanda ya isa ya ce mata ta fara. Muka miƙe a rikice kamar an kama mu da wani abu.

Ta ce, "Nan ne wajen tatsuniyar da yake zuwa?"

Na ce nan ne. Ta dubi kujerar da ba kowa, ta zauna a benci kusa da ƙanwata.

"Me yake yi idan ya zo?"

Ƙanwata ta fara ba ta labari, da farko a ɗarare, daga baya ta saki jiki har tana kwaikwayon muryar. Maman 'yan biyu ta riƙe baki. Ta ce, "Shi? Baban yara? Shi ne da wannan surutun?" Muka ce shi ne. Na ba ta labarin fatalwar da ya yi wa nasiha. Ta yi dariya sosai, dariyar ta juye ta koma kuka, ta goge da gefen hijabi ta ce mu ci gaba. Ta ce a gida sai ta ja shi da hira ta gaji, ashe nan yake kawo maganar.

Sannan ta tambaya, "Ina kuka bar shi?"

Ticha ya gaya mata gaskiya: gadar, da hazon, da garuruwan da ake cewa ya wuce. Ta saurara har ƙarshe. Idonta ya sauka a kan ƙwayar da ke benci.

"An ce wannan kuke jefawa idan ba ku san abu ba."

"E, Madam."

"To a jefa. Ku cim masa ko ba za ku cim masa ba."

Ta miƙa hannu, amma Ticha ya riga ta, ya dunƙule ƙwayar a tafinsa. Ya ce, "Madam, ki yafe mini. Ƙwayar lido ce kawai, a kasuwa na saya. Idan ta nuna ɗaya za ki tafi gida da abin a rai, idan shida ma haka. Ba ta san komai ba."

Ta ce, "Na sani, Malam. Amma kowa ya daina ba ni amsa."

Hadarin sabuwar damina ya taso ta gabas, ƙanwata ta tashi kwashe yadin da ta shanya, ni kuma na raka Maman 'yan biyu bakin titi na tsayar mata da keke. Daga ranar ba mu sake wasa ba. Ba mu yi shawarar dainawa ba, Lahadi ce ta zo kowa ya zauna a gidansa. Ba da daɗewa ba Maman 'yan biyu ta kwashe yara ta koma wajen iyayenta a Zungeru.

An jima sosai, mahaifin Dakta ya aiko mini cewa wani mutumin Bosso ya kuɓuto daga daji, yana so in raka shi mu gan shi. Muka tarar da shi kwance a tabarma, ƙafafunsa duk miki. Ya ce a inda aka tsare su akwai wani Bafulatani da ya tarar, ana sa shi duba shanun 'yan bindigar, idan ya samu sarari kuma yakan wanke wa waɗanda aka kama raunukansu. Bai san sunansa ba. Dogo ne ko gajere? Ya ce tsaka-tsaki. Aka nuna masa hoto a waya, ya daɗe yana kallo, ya ce gemu ya rufe wa wancan fuska, ba zai rantse ba. Daga baya an raba su, an tafi da shi wani wajen tare da shanun.

Na tambaye shi ko mutumin yakan ba su labari, ko yakan sake murya ya ba su dariya. Ya dube ni kamar na zautu. Ya ce a can ba a dariya, kuma mutumin ba ya magana sam.

Mahaifin Dakta ya ce ba zai iya kai wa surukarsa wannan ba, rabin labari ne. Ni na hau mota na je Zungeru. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe, 'yan biyun sun tafi Islamiyya. Na faɗa mata duk abin da mutumin ya faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba, har da cewa ba zai rantse ba. Ta ajiye rariyar a cinya.

Ta ce, "Da takalmi a ƙafarsa?"

Na ce ban tambaya ba.

"Ba ya iya taka ƙasa haka nan. Ko tsakar gida zai fita sai ya nemi silifa. Mahaifinsa har tsiya yake masa, wai wane irin Bafulatani ne wannan."

Na yi mata alkawarin zan koma in tambaya. Na koma Bosso cikin makon. Mutumin ya yi tunani, ya yi tunani, ya ce wallahi bai lura ba.