Wata Huɗu Ban Gai da Arvid Ba

Arvid Koskela ya shekara ashirin da tara yana aiki ɗaya tal a cibiyar binciken makamashi da ke bayan garinmu, wato neman yoyo. Injin da muke wa hidima wani ƙaton tulun ƙarfe ne, an zuƙe iskar cikinsa kaf, masana na kunna masa wuta irin wadda ke ci a cikin rana, suna neman hanyar samar da lantarki da ita. In iska ta samu kafar shiga, ko da ta fi silin gashi siranta, aikin ranar ya tashi. Sai a kira Arvid. Ya zo da 'yar tiyonsa yana fesa iskar hura balan-balan a kowace mahaɗa, kunnensa na kan na'urar da ke yin fito in iskar ta ratsa ciki. Duk inda ya toshe, sai ya ɗiga wa wurin jan fenti. Mu ma'aikata Tsohuwa muke ce wa injin.

Ni Nadine, ɓangaren wayoyin lantarki nake, kuma shekara goma sha bakwai teburinmu ɗaya da shi a hutun ƙarfe goma. Mutum ne da magana ke masa tsada. Ɗan mai haƙar tama ne, ya gaji shirun ubansa, in ƙanƙara ta rufe tafki can yake wuni ranar Asabar yana kamun kifi ta ramin da ya huda a ƙanƙarar. Nakan yi ta zuba, shi yana kurɓar kofi, in na gaji ya tura min gurasar da matarsa Lorna ta gasa. Na sha ce masa da a ce da kalmomi ake biyan albashi, da tuni yunwa ta kashe shi.

Duk bayan wasu shekaru Ma'aikatar Makamashi takan aiko kwamitin masana su zagaya cibiyoyi, su jera injuna hawa uku: wanda ba a yi sai da shi, mai muhimmanci, da wanda za a iya haƙura da shi. Shawara ce kawai a takarda, amma kowa ya san duk injin da ya faɗa hawa na uku ba ya shekara biyu ba a sa masa kwaɗo ba. Mu ɗari da arba'in ne ke ci a jikin Tsohuwa, a garin da ba wani wurin aiki sai asibiti da kantin katako.

Shi ya sa shugabanmu, Dakta Wendell Ostrander, ya sa muka yi gwajin tarbar baƙi har sau uku. Aka shafe ƙasa da sabon fenti, aka raba mana riguna. Aka kuma haddatar da mu amsa: duk wanda aka tambaya me cibiyar ta fi bukata, ya ce ƙarin na'urar zafafa wuta. Kalmar tsufa kuwa an hana ko da wasa.

“Kai naka mai sauƙi ne, Arvid,” na ce masa. “Ka yi ta gyaɗa kai kawai, dama shi ka fi ƙwarewa a kai.”

“To,” in ji shi.

Ranar ta zo cikin Nuwamba. Masana goma sha ɗaya suka bi Dakta Ostrander yana ta bayani, amma shugabarsu, Farfesa Miriam Szabo, wata 'yar tsohuwa mai takalmin roba, sai ta tsaya a baya. Ta durƙusa ta leƙa gindin injin, inda masu fenti ba su kai ba.

“Malam, waɗannan jajayen ɗige-ɗigen fa?”

“Yoyon da na toshe ne, Farfesa.”

“Nawa ne?”

“Ɗari biyu da goma sha biyu. Sittin daga ciki na bana ne.”

Tawagar ta riga ta juyo. Ina tsaye taku uku daga wurin.

“In aka ce ka zaɓar wa injin nan abu guda, me za ka zaɓa?”

Arvid ya dubi Dakta Ostrander, ya dubi ƙasa. “A kashe ta wata goma, a buɗe ta, a sake mata robobin mahaɗar ƙasa gaba ɗaya.”

“In ba a yi ba fa?”

“Ba za ta kai shekara biyu ba.”

Al'adar kwamitin ce su bar wa cibiya tambayoyi da yamma, a kawo amsa da safe. Tambayar farko a ranar ita ce adadin yoyo na kowace shekara, na shekara goma. Aka ba su, suka karɓa, suka tafi ba yabo ba fallasa, suka ce rahoto sai Maris.

Wallahi na ji haushinsa. Mahaifiyata na gidan kula da tsofaffi a garin nan, ba inda zan iya ɗaukarta in kai. Da safen da suka tafi na tare shi a bakin ɗakin kayan aiki.

“Shekara goma sha bakwai ina roƙon ka buɗe baki, ka rasa ranar buɗewa sai jiya? Ka kwance mana zani a kasuwa, hankalinka ya kwanta?”

“Tambayata ta yi, Nadine.”

“Mu ba a tambaye mu ba ne? Kai kaɗai ka san gaskiya?”

“Ran wanka ba a ɓoyon cibi,” ya faɗa can ƙasa-ƙasa.

“Sai ka je ka yi ta wankan.”

Daga ranar na ɗauke kofina na koma wani tebur. Ba wanda ya zage shi, mutanenmu ba su iya wannan ba. Abin da muka iya shi ne shiru, muka kuwa yi masa shi da kyau. In ya shigo sai hira ta mutu. A coci a gaida Lorna a tsallake shi. Ya koma shan kofinsa a cikin mota, da sanyin nan mai tsaga leɓe, ina hango shi ta taga ina kau da kai. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa, na gani, na ce shi ya jawo.

Ranar sha tara ga Maris Dakta Ostrander ya tara mu a ɗakin cin abinci, takardu a hannunsa. Tsohuwa ta samu hawa na biyu. Kwamitin ya ba da shawarar a dakatar da ita wata goma a sake mahaɗar ƙasa kafin a yi zancen wata sabuwar na'ura, sannan ta ci gaba da aiki aƙalla shekara takwas. Ɗakin ya kaure da tafi. Ni kuwa na zauna a kan benci ina dariya ina share hawaye.

Sai Dakta ya ɗaga hannu, ya ce akwai saura, kuma dole ya karanta ko da ba daɗi. Ashe tun kafin su zo, masanan sun lura kwanakin aikin injin na raguwa shekara bayan shekara, kuma ba wanda ya gaya musu dalili. Sun iso da niyyar sa mu a hawa na uku, don ba sa iya ba gwamnati shawarar riƙe injin da ba a san ciwonsa ba. Bayanin wani ma'aikaci ne, in ji rahoton, ya nuna musu ciwon sananne ne kuma yana da magani. Dakta ya ninke takardar ya ce, “Ni na koya muku waccan amsar, laifin nawa ne.” Tafin ya tsaya, kowa ya shiga waige-waige. Arvid ba ya cikin ɗakin.

Na karɓi takardar na tafi nemansa. Na same shi kwance a ƙarƙashin Tsohuwa yana aikinsa, ƙafafunsa kawai ake gani. Na tsuguna na karanta masa. Ya turo kansa waje, ya ce in sake. Na sake. Ya jingina da ƙarfen injin ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya rufe fuska da hannu biyu, ya daɗe a haka.

“Arvid, ka yafe min. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu ne muka ƙi ji.”

“Ba komai,” ya ce. “Ni ma na ɗauka na kashe ku ne. Kullum in na bi layinku sai in ga gidajen kamar an riga an rufe su.”

“Tashi mu je, kowa na nemanka.”

“Bari tukuna, muryata ba za ta fita a waya ba.” Ya zaro wayarsa ya miƙo min. “Kira min Lorna. Ki ce mata ta daina ɗaure kaya.”

“Wane kaya?”

“Ƙarshen wata za mu tashi, wajen ƙanwarta. Na ce mata ba zan iya zama ina kallonku kuna barin garin ɗaya bayan ɗaya ba.”

Na danna lambar. Lorna ta ɗauka, ta ji muryata.

“Nadine? Ke ce? Kwana da yawa.”